Me ya kori injin V8 daga motocin ƙwanji na Amurka?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni mai sha'awar motocin Amurka ne masu injin V8, irin su Dodge Challenger da Chevrolet Camaro da Ford Mustang. Na ji an daina ƙera Challenger da Camaro, kuma an ce sabuwar Charger ta lantarki ce. Me ya kawo haka alhali mutane suna son su? Da gaske ƙaramin inji mai turbo ya fi V8, ko kuwa tilasta wa kamfanoni aka yi? Kuma idan Allah ya hore mini, in sayi tsohuwa mai V8 ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka uku ce a dunƙule: abin da ya janyo janyewar waɗannan motoci, ko turbo da lantarki sun cancanci gadon da suka ci, sannan ko akwai hikima a sayen tsohuwa a yau. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai sabuwar Charger akwai ta lantarki, akwai kuma mai fetur. A watan Disamba na 2023 aka rufe ƙera Challenger da tsohuwar Charger a masana'antar Brampton ta ƙasar Kanada, kuma a wannan watan ne Camaro ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Lansing a jihar Michigan. Mustang ce kaɗai ta rage cikin ukun da injinta mai silinda takwas. Sai dai a ganina injin V8 yana nan da ransa. Abin da ya ɓace shi ne mota mai arha mai ɗauke da shi, wadda ma'aikaci mai matsakaicin albashi zai iya saye, kuma wannan ne ainihin abin da Amurkawa suke nufi da motar ƙwanji.

Yadda abin ya faro

V8 inji ne mai silinda takwas, huɗu a kowane ɓangare, an jingina su suna haɗuwa a ƙasa kan karanshaf ɗaya. Cadillac ta fara sayar da shi da yawa tun 1914, amma na masu kuɗi ne a lokacin. Henry Ford ne ya sauko da shi hannun talaka a 1932, sannan Chevrolet ta fito da ƙaramin V8 ɗinta mai lita 4.3 a 1955, inji mara nauyi, mai sauƙin gyara, wanda jikokinsa suke aiki har gobe. Dabarar motar ƙwanji kuwa mai sauƙi ce ƙwarai: a ɗauki matsakaiciyar mota, a cusa mata injin babbar mota, a sayar da ita a farashin da saurayi zai iya biya. Haka John DeLorean da abokan aikinsa suka yi da Pontiac GTO a 1964, da inji mai lita 6.4. A watan Afrilun shekarar Ford ta fito da Mustang, wadda aka ƙera fiye da dubu 600 nata a 1966 kaɗai. Daga nan gasa ta ɓarke, har aka kai ga injin Hemi na Chrysler mai lita 7 da ƙarfin doki 425, da Chevelle SS ta 1970 mai lita 7.4 da doki 450.

Ya kamata a lura cewa duk wannan ya tsaya ne a kan abu biyu: fetur mai arha wanda aka zuba wa dalma don ya jure matsi, da kuma rashin wata doka mai ƙarfi kan abin da ke fita daga salansa. Da aka janye waɗannan biyun, ginin ya rushe cikin shekaru kaɗan.

Wannan ba shi ne karo na farko ba

Masu kukan mutuwar V8 a yau sukan manta cewa an taɓa yi masa jana'iza. A 1970 Amurka ta tsaurara dokar tsaftar iska, ta kuma kafa hukumar kare muhalli. Kamfanoni suka rage matsin injinansu daga 1971 domin su sha fetur mara dalma, kuma daga 1975 aka fara sa matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda makanikanmu ke kira indomi, abin da dalma take lalatawa. Kamfanonin inshora suka ɗora wa matasa masu irin waɗannan motoci kuɗi mai nauyi. A Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, aka ga layuka a gidajen mai. Sakamakon haka Mustang ta 1974 ta fito a Amurka babu V8 ko ɗaya, kuma Corvette ta 1975 ba ta wuce doki 165 ba a injinta na asali, ƙarfin da Camry mai silinda huɗu ta fi shi a yau. Wani ɓangare na wannan faɗuwa a takarda ne kawai, domin a 1972 aka sauya hanyar auna ƙarfin inji zuwa wadda ta fi kusa da gaskiya, amma mafi yawansa faɗuwa ce ta haƙiƙa.

Abin da ya tayar da V8 daga baya fasaha ce: an yar da kafireta, kwamfuta ta karɓi rabon mai ta nozul, aka iya samun ƙarfi da tsaftar hayaƙi a lokaci guda. Charger ta dawo a 2006, Challenger a 2008, Camaro a 2010. A 2015 Dodge ta fito da Hellcat mai lita 6.2 da doki 707, sannan ta yi bankwana a 2023 da Demon 170 mai doki 1,025. Wato motocin da aka daina ƙerawa sun ninka kakanninsu na 1970 a ƙarfi, kuma a kan ganiyarsu aka tsayar da su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa gazawar inji ba ita ce sanadi ba.

Lissafin da ke bayan ƙofa

A 1975 majalisar Amurka ta kafa dokar matsakaicin shan mai. Dokar ba ta haramta kowane inji ba. Abin da take yi shi ne ta haɗa duk motocin da kamfani ya sayar a shekara, ta fitar da matsakaicin nisan da suke yi da galan ɗaya, idan bai kai ma'aunin da aka gindaya ba sai kamfanin ya biya tara, kamar yadda ake yi har zuwa 2025. Zuwa 1985 ma'aunin ƙananan motoci ya kai mil 27.5 a galan, kimanin kilomita 11.7 a lita ke nan, kuma daga shekarun 2010 aka riƙa ɗaga shi shekara bayan shekara. Ma'anar wannan ita ce kowace Challenger mai V8 da aka sayar tana jan matsakaicin ƙasa, sai an sayar da wasu motoci masu tsimin mai kafin a cike giɓin.

Ford da General Motors, uwar kamfanin Chevrolet, suna da abin cike giɓi daidai gwargwado. Dodge da 'yan'uwanta kuwa kusan duk kasuwarsu ta manyan injina ce, shi ya sa suka shafe shekaru suna sayen rarar makin da doka ke bai wa kamfanin da ya zarce ma'auni daga hannun Tesla, mai ƙera motocin lantarki, da maƙudan kuɗi, duk da haka a 2023 aka bayyana cewa uwar kamfanin, Stellantis, ta biya tarar dala miliyan 235.5 kan motocin 2018 da 2019. General Motors ma ta biya dala miliyan 128.2 kan na 2016 da 2017. Idan shugaban kamfani ya dubi irin wannan lissafi, sha'awar ƙarar inji ba za ta yi masa nauyi ba.

Akwai wani lungu a dokar da ya kamata ka sani, domin shi ne ya bayyana inda V8 ya koma. Ma'aunin akori-kura da manyan jif-jif ya fi na ƙananan motoci sassauci, kuma harajin da aka sa tun 1978 kan motoci masu zuƙar mai, waɗanda ba sa kai mil 22.5 a galan, bai shafe su ba. Don haka inji ɗaya, idan an sa shi a mota mai ƙofa biyu ya zama nauyi ga kamfani, idan an sa shi a akori-kura sai ya zama riba.

Kasuwa ma ta ba da nata hukunci, kuma a nan ne ba na yarda da cewa "mutane suna son su" ya wadatar. Masu kallonsu a intanet suna da yawa, masu fitar da kuɗi su saya sun yi ta raguwa. Camaro da ta haura dubu 80 a shekara a farkon dawowarta ta sauko zuwa wajen dubu 30 kafin a tsayar da ita. A 2024 jif ɗin lantarki da Ford ta laƙaba wa sunan Mustang Mach-E ta fi Mustang ta ainihi ciniki a Amurka. Magidanta sun koma jif, matasa kuwa farashi da inshora sun fi ƙarfinsu.

Shin turbo ya fi V8?

Sai an fahimci inda babban inji yake ɓarnar mai kafin a gane amfanin turbo. Motar da ke tafiya kilomita 100 a awa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ta buƙatar fiye da doki talatin zuwa arba'in. Injin lita biyar ko shida a wannan hali totur ɗinsa kusan a rufe yake, fistin takwas suna ta fama su zuƙo iska ta ƙaramar kafa, ga gogayyar ringi da bawul da biyarin na silinda takwas, ga nauyin ƙarfe. Duk wannan mai ne ke ƙonewa ba tare da ya tura mota ba. Kamar mutum ne ya ajiye bijimai takwas yana ciyar da su kullum, alhali garmarsa biyu take buƙata sai ranar da ƙasa ta yi tauri.

Turbo fanka ce biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita, wanda da a banza zai tafi, shi ke juya ɗaya, ɗayar kuma ta danna iska cikin silinda. Da ƙarin iska ana iya ƙona ƙarin mai, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba a lokacin da aka taka shi, ya koma ƙarami idan aka sassauta. Da aka haɗa shi da nozul mai fesa mai kai tsaye cikin silinda da giya takwas ko goma, jinkirin da aka san tsofaffin turbo da shi ya ragu sosai. Ford ta gwada wannan a F-150 a 2011 da V6 mai lita 3.5 da turbo biyu, a kasuwar da kowa ya ɗauka ba za ta karɓi abin da ba V8 ba, sai ga shi ta karɓa. Mustang mai silinda huɗu da lita 2.3 tana ba da doki 315 a yau, fiye da abin da Mustang GT mai V8 ta 2005 take bayarwa. Sabuwar Charger mai fetur tana da silinda shida a jere, lita 3, turbo biyu, doki 420 ko 550, alhali Hemi mai lita 6.4 da ta gada ya tsaya a 485.

A ma'aunin ƙarfi, to, turbo ya ci. A ma'aunin mai kuwa sai an yi sharaɗi. Tsimin yana samuwa ne idan ƙafar direba mai sauƙi ce, kuma haka ake tuƙi a gwajin hukuma. Da zarar an ɗora kaya, ko ana jan tirela, ko ana gudu da iyakwandishan cikin zafin rana, turbo yana aiki ba hutu, kwamfuta tana ƙara mai don ta sanyaya silinda, bambancin sai ya ƙanƙance, wani lokaci ya ɓace. Doki ɗari huɗu mai na doki ɗari huɗu yake ci, ko daga wane inji ya fito.

A ma'aunin juriya, abin da nake gani a gareji ya sa ina taka-tsantsan. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti, kusa da hayaƙin da ke sa ƙarfe ya yi ja, kuma siririn fim na baƙin mai ne kaɗai ke riƙe da ita. Idan aka kwance turbo ɗin motar da ake yi wa sabis da mai mara kyau, za ka tarar bututun da ke kai masa mai ya toshe da baƙin gawayi mai tauri, sandar ta yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, idan ka kama fankar da yatsa ka ji tana lilo. Mai motar yakan ce jiya lafiya lau take. V8 mara turbo yana aiki ne ƙasa da iyawarsa, shi ya sa yake yafe sakaci: jinkirin canza mai, fetur mai shakku, lagireto mai datti. Injin turbo ba ya yafewa, ko da yake wanda aka kula da shi yadda littafinsa ya ce yana daɗewa ƙwarai.

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu ga wannan sauyi. Land Cruiser da aka saba kira V8 a Kano da Abuja da Yamai ta rabu da silinda takwas tun 2021, lokacin da samfurin 300 ya fito da V6 mai turbo biyu, na fetur da na dizal. Lexus LX 570 ta zama LX 600 ta wannan hanya, Nissan Patrol ta bi sahu a 2024. Sabbin sun fi tsofaffin ƙarfi a takarda, amma har yanzu masu shiga daji da nisa suna riƙe da tsofaffin, kuma ban ga laifinsu ba.

Abin da lantarki ya ƙwace

Turbo ya karɓe wa V8 aikin yau da kullum, lantarki kuma ya karɓe masa abin alfahari. Tun asali taƙamar motar ƙwanji ita ce fizga daga tsaye, musamman a tseren rubu'in mil. Injin lantarki yana ba da dukan ƙarfin juyinsa tun daga juyi na farko, ba jiran giya, ba jiran inji ya hau. Tesla Model S Plaid, motar iyali mai ƙofa huɗu da doki 1,020, tana kai mil 60 a awa cikin kimanin daƙiƙa biyu, ba ƙara ba hayaniya. Daga ranar da hakan ta faru, V8 ya daina zama hanya mafi sauƙi ta samun gudu.

Amma Dodge ta gwada mayar da motar ƙwanji ta lantarki, sakamakon kuma darasi ne. Charger Daytona ta 2024 tana da doki 670 a babban samfurinta, amma batir ya kai nauyinta wajen tan biyu da rabi da ɗoriya, kuma aka ɗaura mata lasifika a baya tana kwaikwayon ƙarar inji. Ciniki bai yi armashi ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da V8 na Amurka yana aiki a tsaye. Tsarin karanshaf ɗinsa yana sa fashewar silinda ba ta rabuwa daidai tsakanin ɓangarorin biyu, sai hayaƙin kowane ɓangare ya riƙa fita da tazara mara daidaito, wannan ne gurnanin da ake ji a ƙirji kafin a ji shi a kunne, har madubin gefe yana rawa. Masu sayen waɗannan motoci wannan suke biya, kuma sun san na lasifika daban ne. Mercedes ma ta ɗanɗana irin haka da ta maye V8 na AMG C63 da silinda huɗu haɗe da lantarki: doki 671, amma masoyanta suka juya baya.

Inda aka kwana

Iska ta ɗan juya a 2025. Carlos Tavares ya sauka daga shugabancin Stellantis a Disamban 2024. Ram, 'yar'uwar Dodge a ƙarƙashin Stellantis, wadda ta cire Hemi mai lita 5.7 daga akori-kurarta, ta sanar da dawo da shi a watan Yunin 2025, shugabanta Tim Kuniskis ya amsa a bainar jama'a cewa sun yi kuskure. A watan Yuli sabuwar dokar haraji ta Amurka ta mayar da tarar matsakaicin shan mai sifili, ta kuma kawo ƙarshen rangwamen dala 7,500 na sayen motar lantarki daga ƙarshen Satumba. General Motors ta ware dala miliyan 888 don ƙera sabon zubin V8 a masana'antar Tonawanda ta jihar New York.

Duba dai inda kuɗin suke tafiya: akori-kura da manyan jif-jif a gefe ɗaya, motocin attajirai a ɗaya gefen, irin Corvette ZR1 mai turbo biyu da doki 1,064, ko Corvette E-Ray da BMW M5 da suka haɗa V8 da lantarki. Mustang GT mai lita 5 da doki 480 ce kaɗai ta rage a tsakiya, ita ma farashinta ya wuce aljihun saurayin da aka ƙirƙiro ta dominsa. Dokar da gwamnati ɗaya ta sassauta wata na iya tsaurarawa, alhali ƙera sabon inji yana cin shekaru. Saboda haka duk wanda ya yi maka alƙawarin dawowar zamanin 2015 hasashe yake yi, kuma nawa hasashen shi ne V8 zai daɗe, amma yana ƙara tsada yana ƙara ƙaranci.

Batun saye

Idan motar hawa ta kullum kake nema, ba na ba ka shawara. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, motar da ke yin kilomita biyar zuwa bakwai da lita a cikin gari ta zama ɗawainiya mai zaman kanta, kuma waɗannan motoci cikinsu a ƙasa yake, ramuka da tudun rage gudu ba sa raga musu. Idan kuwa mota ta biyu ce ta sha'awa, kuma kana da halin riƙe ta, to nemi mara turbo mara sufacaja (na'urar danna iska da injin kansa ke juyawa, irin ta Hellcat), wato Challenger ko Charger mai lita 5.7, ko Mustang GT, ko Camaro SS. Ka bar su Hellcat, domin suna buƙatar fetur mai daraja ta sama, gidajen manmu kuwa iri ɗaya suke sayarwa.

Yawancin waɗanda ke shigowa ƙasashenmu daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya suke fitowa, don haka a binciki tarihinta da lambar shasi kafin a biya ko sisi. Ka je da makanike mai na'urar karanta kwamfutar mota, a tayar da injin da sanyin safiya kafin kowa ya ɗumama shi, ku saurara. Da yawa daga cikin V8 na wannan zamani suna da tsarin kashe silinda huɗu idan ana tafiya a hankali, kuma 'yan ƙarafan da ke ɗaga bawul a wannan tsari su ne suka fi saurin lalacewa, musamman a motar da aka saba bari tana aiki a tsaye ko aka yi wa wasa da mai. Ƙarar tik-tik da ta ɗauke bayan daƙiƙoƙi kaɗan ba lallai ta zama matsala ba, amma wadda ta zauna bayan inji ya yi zafi tana iya nufin kamshaf ya fara cinyewa, aikin da sai an sauke tof silinda. A duba ko an cire indomi ko tamostat, a tabbatar akwai dilan da zai iya kawo maka kayan gyara cikin lokaci, sannan ka ware kuɗin baƙin mai na ainihi mai kaurin da kamfani ya rubuta a murfin injin, domin tsarin kashe silindan da matsin wannan man yake aiki.